Filin Tambaya da Amsa: Wa Ke Ce wa Yaro "Ta Zo Mu Ji Ta"?

Wasiƙu uku daga cikin waɗanda suka iso mana a wannan watan sun haɗu a kan magana ɗaya, wato bakin yaro da yadda yake koyon ba da labari, saboda haka muka jera su tare. Mun taƙaita su, kuma mun ɓoye sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku, muna zaune tare da surukata. Kusan kowane dare bayan sallar isha'i takan tara jikokinta a kan tabarma ta yi musu tatsuniya, amma maigidana yana ganin ɓata lokaci ne, ya fi son a ba su waya su kalli katun na Turanci domin bakinsu ya buɗe. Autata kuma, mai shekara huɗu, idan ta tashi maimaita tatsuniyar sai ta fara daga tsakiya, ta koma farko, ta haɗa Gizo da abin da ya faru a makarantarsu. Shin akwai wani bincike da ya nuna amfanin tatsuniya, kuma wannan rikicewar tata alamar matsala ce? Daga wata uwa a Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Zan fara da autar taki, domin na lura ita ce ta fi tsaya miki a rai. Abin da kika bayyana shi ne ainihin yadda ɗan shekara huɗu yake ba da labari, kuma masana sun daɗe da rubuta shi. A shekarar 1983 wasu masana halayyar yara biyu, Carole Peterson da Allyssa McCabe, suka wallafa nazarin da suka yi a kan labaran da yara 96 suka ba su a Amurka, daga masu shekara uku da rabi zuwa masu tara da rabi. Ba tatsuniya suka sa yaran su yi ba, labarin abin da ya taɓa samunsu suka nema, kamar ranar da zuma ta harbe su ko ranar da aka kai su asibiti. Sun tarar cewa 'yan shekara huɗu sun fi yin abin da za mu iya kira tsallen kwaɗo: su faɗi wannan, su tsallake wancan, su dawo baya, su bar mai saurare yana laluben zaren da kansa. 'Yan shekara biyar sukan jera abubuwa bi da bi har su kai ƙololuwar labarin, sai su tsaya nan cak ba tare da sun faɗi yadda aka ƙare ba. Sai wajen shekara shida ne yawancinsu ke iya gabatar da waye da waye, a ina, me ya faru, sannan su warware ƙarshen.

Wani babban nazari da Ruth Berman da Dan Slobin suka jagoranta, wanda ya fito a 1994, ya bi wata hanyar. An ba yara littafin hotuna wanda babu rubutu ko ɗaya a cikinsa, na wani yaro da karensa suna neman kwaɗonsu da ya gudu, aka ce kowa ya ba da labarin da bakinsa. An yi haka a harsuna biyar, wato Ingilishi da Jamusanci da Sifaniyanci da Ibrananci da Turkanci. Duk da bambancin harsunan, matakan sun yi kama da juna: ɗan shekara uku yana siffanta kowane hoto shi kaɗai kamar ba shi da alaƙa da na baya, ɗan shekara biyar ya fara ɗinka su da "sannan, sannan", ɗan shekara tara kuwa yana riƙe da dalilin tafiyar tun daga farko har ƙarshe.

Ki saurari autar taki da kunnen Hausa, za ki ji irin wannan hawan da kanki. Da farko kalma ɗaya ce take ɗaukar mata dukan nauyin labarin, wato "sai": sai Gizo ya zo, sai ya ci, sai ya gudu. Bayan wani lokaci za ki fara jin "da ya ga haka", da "kafin ta dawo", da "saboda". Ranar da kika ji ta ce "ashe", kamar a "ashe kura tana ɓoye a bayan rumbu", ki san cewa ta yi babban ci gaba, domin ba mai iya amfani da wannan kalma daidai sai wanda ya gane cewa akwai abin da shi ya sani wanda Gizo bai sani ba. Haka kuma Hausa tana da salon aikatau na musamman na jera labari. Muna cewa "sun tafi kasuwa" idan muna ba da sanarwa, amma a cikin labari sai mu ce "suka tafi kasuwa, suka sayi gero, aka auna musu". Babu uwar da ke zaunar da ɗanta ta koya masa bambancin "sun" da "suka". A bakin masu ba da labari yake tsintarsa, kuma babu inda "suka" da "aka" ke zuba kamar ruwan sama irin cikin tatsuniya.

Wannan ya kawo mu ga tabarmar surukarki. Maganar yau da kullum da muke yi wa yara yawancinta umarni ne a kan abin da ido ke gani: ɗauko wancan, ajiye nan, bari. Yaro yana iya gane ta ko da bai san rabin kalmomin ba, tun da hannu yana nuna masa. Tatsuniya kuwa magana ce a kan abin da ba ya nan, dole yaro ya gina kurmi da fadar sarki da bakin rafi a cikin kansa da kalmomi zalla, kuma irin wannan aikin ne littafi zai nema daga gare shi idan ya shiga aji uku ko huɗu. Ga kalmomin da ba za su taɓa shigowa tsakar gidanku ba in ba ta wannan ƙofa ba, ga 'yan waƙoƙin da ake maimaitawa har yara su riƙa amshi, ga kalmomin amsa-kama irin su "tsulum" da "jugum" da "fankan-fankan". A 2004 Rebecca Isbell da abokan aikinta a jihar Tenesi ta Amurka suka raba yara 38 masu shekara uku zuwa biyar gida biyu, na tsawon mako goma sha biyu. Kashi ɗaya aka riƙa karanta musu labarai daga littafi, ɗaya kashin aka riƙa ba su labaran nan da ka. Duka biyun sun ƙaru, amma waɗanda aka ba su da ka sun fi iya maimaita labarin yadda ya nuna sun fahimce shi. Yara 38 ba su da yawa, kuma ba zan ɗora wa wannan bincike kayan da ya fi ƙarfinsa ba, sai dai ya isa ya nuna cewa tsohuwar da ba ta riƙe da littafi ba ta rasa komai a wannan fage.

Game da waya, ina roƙon ki isar wa maigida wannan cikin ladabi. A 2003 Patricia Kuhl ta Jami'ar Washinton da abokan aikinta suka ɗauki jarirai 'yan wata tara na iyaye masu jin Ingilishi, suka sa wasu su zauna sau goma sha biyu da mutumin da ke yi musu magana da Sinanci, wasu kuma aka nuna musu irin wannan maganar a talabijin. Waɗanda suka zauna da mutum ido da ido sun koyi rarrabe sautukan Sinanci, na talabijin kuwa kamar ba su taɓa jin harshen ba. Gaskiya ne wannan a kan jarirai aka yi, kuma 'yar shekara huɗu tana iya tsintar kalmomin Turanci daga katun, maigida bai yi kuskure a nan ba. Amma waya ba ta tsayawa ta jira amsa, ba ta ganin fuskar yarinya ta gane cewa ta ɓace. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2019, ta ba da shawarar kada yaro mai shekara biyu zuwa huɗu ya wuce awa ɗaya a rana yana zaune gaban allon waya ko talabijin.

Yanzu ga abin da na fi so ki riƙe, kuma a nan ne nake ganin mu Hausawa muke da giɓi. Mun iya ba yara labari, amma ba mu cika zama mu saurari nasu ba. Kullum babba ne ke cewa "Ga ta nan, ga ta nanku", yaro ne ke cewa "Ta zo mu ji ta". Bincike kuwa ya fi ƙarfi a ɗaya ɓangaren. A 1999 Peterson da McCabe ɗin nan, tare da Beulah Jesso, suka yi gwaji da iyalai ashirin masu ƙaramin ƙarfi a Kanada. Rabin iyayen mata aka koya musu abubuwa kaɗan: su riƙa hira da yaran a kan abin da ya wuce, su daɗe a kan magana ɗaya, su yi tambayar da ba a amsa ta da "i" ko "a'a", su tambayi ina da yaushe, su riƙa amsawa da 'yan kalmomin da ke nuna suna saurare. Yawan kalmomin da yaran suka sani ya ƙaru nan da nan, iya tsara labarin kuwa sai bayan shekara guda ya bayyana. A 2018 kuma Rachel Romeo da abokan aikinta a Amurka suka naɗi maganar da ake yi a gidajen yara 36 masu shekara huɗu zuwa shida, suka kuma ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu suna sauraron labari. Abin da ya fi tafiya tare da ƙwarewar harshen yaran da motsin sashen magana na ƙwaƙwalwarsu shi ne yawan musayar magana tsakaninsu da manya, na faɗa ka faɗa, fiye da tulin kalmomin da aka zuba musu.

Waɗannan 'yan kalmomin saurare ba sai an shigo mana da su daga Kanada ba. Duk wanda ya taɓa zama a majalisa a Ƙofar Doka ya san yadda Bahaushe ke ciyar da mai ba da labari gaba da "to", da "ikon Allah", da "sai aka yi yaya?", da "haba dai!" Abin da ya rage shi ne mu yi wa yaro irin wannan karamcin. Kuma a tsarin gidajenmu babu wanda ya fi kaka dacewa da shi. Uwa tana jin kunyar ɗan fari, uba yana riƙe da girma, amma tsakanin kaka da jika akwai wasa, jika yana iya yi mata gardama, ta ce masa mijinta ko kishiyarta, ya mayar mata da magana ba wanda zai ce ya yi rashin kunya. Saboda haka ki roƙi Hajiya, idan ta kai "ƙurunƙus", ta riƙa cewa yau kuma wa zai yi mana tasa. Idan autar ta fara tsallen kwaɗonta, kada yayyenta su yi mata dariya, kada kuma a karɓe labarin daga bakinta a gyara mata. A tambaye ta kawai: "To, a ina Gizon ya gamu da ita?"

Akwai wata makarantar labari a gidanki da wataƙila ba ki ɗauke ta a bakin komai ba, ita ce aike. Enid Schildkrout, wadda ta yi nazarin rayuwar yara a birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda yara suke zama ƙafa da bakin matan da ke cikin kulle. Yarinyar da aka ce wa "je ki ce wa Inna ina gaishe ta, in ta gama da turmin ta ba ki" dole ta riƙe saƙo, ta sauya "ina" ta koma "tana", ta isar, ta dawo da amsa. Idan ta dawo, kada ki tsaya ga karɓar turmin. Ki tambaye ta wa ta tarar a gidan, me suke yi, me Inna ta ce.

TAMBAYA: Malam, ni malama ce a wata makarantar firamare, ina koyar da aji uku. Da yawa daga ɗalibaina suna iya karanta shafi da ƙarfi ba tuntuɓe, amma idan na rufe littafin na ce su gaya mini abin da suka karanta sai su yi shiru. Na so in riƙa sa su ba da labari da Hausa, sai wasu iyaye suka ce zan lalata musu Turanci. Mece ce shawararka? Daga wata malama a Samaru.

AMSA: Malama, Allah ya saka da alheri. Abin da kike gani yana da bayani mai sauƙi wanda Philip Gough da William Tunmer suka tsara a 1986. Fahimtar karatu, in ji su, tana tsaye ne a kan ƙafa biyu: iya mayar da baƙaƙe su zama sauti, da iya fahimtar harshen idan an ji shi da kunne. Idan ɗaya ta karye, ɗayar ba ta isa ta ɗauki yaro. Ɗalibanki sun sami ta farko, ta biyun ce ba ta yi ƙwari ba. Ki gwada wannan kafin komai: ki ba su ɗan gajeren labari da Hausa da bakinki, ki ce su maimaita. Wanda ya iya, matsalarsa ƙarancin Turanci ce kawai. Wanda ya kasa ko da Hausar, shi ne ke bukatar a koya masa riƙe zaren labari, kuma ya fi sauƙi a koya masa da harshen da yake mafarki da shi.

Tsoron iyayen ba sabo ba ne, kuma a ƙasar nan aka taɓa gwada shi. Daga 1970 Farfesa Aliu Babatunde Fafunwa ya jagoranci wani shiri a Ile-Ife inda aka koyar da wasu yara dukan darussan firamare na shekara shida da Yarabanci, Turanci kuma ya zama darasi guda a hannun ƙwararrun malamai. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, a wasu darussan ma sun fi su. Iya gabatar da mutanen labari, da jera abubuwan da suka faru, da faɗin dalili, ƙwarewa ce da yaro ke ƙetarawa da ita daga harshe zuwa harshe. Ki kuma tuna wa iyayen cewa a nan Zariya, a shekarun 1930, Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce a ƙarƙashin hukumar talifi da Dokta Rupert East ke shugabanta, domin ya zama littafin karatu a makarantu, kuma gininsa duka a kan mai ba da labari da masu saurare yake.

Wata hanya da za ta yi miki aiki ko da babu kayan koyarwa ita ce ta Vivian Paley, wata malamar ƙananan yara a Shikago. Yaro ɗaya ya faɗi labarinsa, malama ta rubuta shi kalma da kalma yadda ya faɗa, sannan ta karanta wa aji, 'yan ajin su tashi su kwaikwaya. Idan yaro ya ga an rasa wanda zai fito a matsayin kura saboda ya manta bai ambace ta da wuri ba, shi da kansa zai gyara gobe. A aji mai cunkoso yara biyu a rana sun isa.

Hattara ɗaya kawai. A lokacin labari kada ki tsaya gyaran nahawu. Yaron Zazzau zai ce miki "mota ne" ko "rigan Ladi", wannan karin harshen garinsu ne, ba lalurar baki ba ce. Daidaitacciyar Hausa tana da nata darasin da nata lokacin. Idan kika katse shi sau uku a jimla ɗaya, shirun da kike kuka da shi ne zai dawo.

TAMBAYA: Malam, ɗana yana da shekara uku da rabi. Idan yana ɗokin ba ni labari sai ya riƙa maimaita farkon kalma kamar mai in'ina, kuma yakan ƙirƙiro abin da bai faru ba, har ya ce ya ga kura a bayan gida. In tsawata masa ne? Daga wani magidanci a Ƙofar Gayan.

AMSA: Malam, kada ka tsawata masa a kan ko ɗaya. Tsakanin shekara biyu zuwa biyar tunanin yaro yakan riga harshensa gudu, kuma kimanin yara biyar cikin ɗari sukan yi in'ina na wani lokaci, mafi yawansu kuma ta bar su da kanta. Abin da ke taimakawa shi ne ka rage saurin maganarka kai kanka, ka dube shi, ka bar shi ya ƙarasa, kada ka ce masa "yi a hankali" ko ka cike masa kalmar. Amma idan abin ya wuce wata shida, ko ka ga yana yamutsa fuska yana kokawa da kalma, ko ya fara gudun magana, ko akwai masu in'ina a danginku, to ka kai shi a duba shi. Haka nan duk yaron da ya cika shekara biyu bai fara haɗa kalma biyu ba, ko kunnensa yake yawan zubar da ruwa, a fara da gwajin ji. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen kunne da hanci da maƙogwaro, a Kaduna kuma akwai cibiyar kula da lafiyar kunne ta ƙasa.

Kurar bayan gida kuwa ba ƙarya ba ce irin wadda ake hukunci a kanta, domin ba ya neman ya cuce ka da ita, gwada ƙarfin bakinsa yake yi ya ga ko zai iya sa ka ga abin da babu shi. Kakanninmu sun san wannan iyakar, shi ya sa suke rufe tatsuniya da cewa da ba don Gizo ba da sun yi ƙarya. Ka koya masa buɗewar da rufewar, ka ce masa idan labarin kura ne sai ya fara da "Ga ta nan", kai kuma ka amsa masa, ka tambaye shi girman kurar da inda ta nufa. Ranar da ya fasa kofi ya ce kurar ce ta fasa, wannan kuma wata shari'ar ce daban, na bar ta tsakanin Malam da ɗansa.